Amaryar da Ba Ta Girma: Nimfa Tsakanin Mawaƙa da Masana Ƙwari

Kalmar nimfa ta Girkanci ce, kuma asalin ma'anarta ba ta wuce amarya ko budurwar da ta isa aure ba. Da ita Girkawan dā suka riƙa kiran wasu halittu mata da suka yi imani suna zaune a maɓuɓɓugar ruwa, da cikin itatuwa, da kan duwatsu, da cikin teku. Bahaushe zai yi saurin cewa ai aljanu ke nan, tunda mu ma mun taso ana hana mu zama gindin tsamiya da tsakar rana. Akwai kama, domin su ma suna da labarin saurayi Hilas da ya je ɗiban ruwa, matan ruwa suka janye shi ba a sake ganinsa ba. Sai dai nimfa tana mutuwa. Wata tsohuwar waƙar Girkanci ta yabon Afrodita ta nuna cewa nimfar itace da itacenta tare suke tsirowa, ran da ya bushe ita ma ranta ya fita.

Wannan kalma ɗaya mutane biyu suka ɗauke ta, mawaƙin soyayya da masanin ƙwari. Abin da nake son dubawa shi ne wane ne cikinsu ya fi yi wa yarinyar adalci.

Mu fara da Obid, mawaƙin Rum da ya kammala dogon littafinsa na rikiɗe-rikiɗe, mai kashi 15, wajen shekara ta 8 Miladiyya. A kashi na farko Afolo, ɗaya daga abubuwan bautarsu, ya ga Dafne ya bi ta a guje. Tana gudu yana zuba mata kirarin kansa: ɗan wane ne shi, ya iya kiɗa, ya san magani. Da ƙarfinta ya ƙare sai ta roƙi mahaifinta, wanda kogi ne, ya ɓata surar da ta jawo mata wannan masifa. Nan take ƙafafunta suka zama saiwa, gashinta ya zama ganye, ta koma itacen da Faransawa ke kira lorye, wanda ake jefa busasshen ganyensa a tukunyar shinkafa. To me Afolo ya yi? Ya dafa itacen, ya ji zuciya tana bugawa a ƙarƙashin ɓawo, ya ce tunda ba ta zama matarsa ba za ta zama itacensa, da ganyenta za a riƙa naɗa masa kambi. Haka Sirinkis ta guje wa Fan ta zama karan bakin kogi, shi kuwa ya yanke karan ya yi sarewa. Eko ma da aka hukunta, sai aka bar ta ba ta iya fara magana, sai dai ta maimaita ƙarshen zancen wani.

A duba da kyau: kambin mawaƙi, sarewa, amsa-kuwwa. Duk yarinyar da ta ƙi, ƙarshenta ta zama kayan aikin mai waƙa. Ba na zargin Obid da rashin ganin wannan. Ya gani sarai. Shi ne ya nuna itacen yana noƙewa daga sumbar Afolo, kuma da ya zo wurin amincewarta bai ce ta yarda ba, ya nuna dai kamar kan itacen ya rusuna. Wannan "kamar" ta fi mini baitoci ɗari daraja. Laifin na magadansa ne, waɗanda suka ɗauki kyan yarinyar da gudunta suka yar da tsoronta.

Mafi shahara a cikinsu ga masu karatun Ingilishi shi ne Christopher Marlowe, wanda aka buga waƙarsa ta makiyayi mai begen masoyiya a 1599, shekara shida bayan rasuwarsa. Baiti shida ne, duk alkawari: gadon furanni, riga ta lallausan gashin tumaki, takalma masu maɗaurin zinariya, rawar makiyaya da safiyar watan Mayu. Waƙa ce mai daɗin kunne, ba na musu. Amma a baitoci shidan nan babu hunturu, babu tsufa, babu ko tukunya a kan murhu, yarinyar kuma ba ta ce uffan ba. A 1600 aka buga amsar da ake danganta wa Walter Raleigh, inda nimfar ta buɗe baki. Ta bi kyaututtukan ɗaya bayan ɗaya ta nuna kowanne yana yanƙwanewa, ta ce da ƙuruciya tana ɗorewa kuma harshen makiyaya ba ya ƙarya, da ta duba maganar.

Ana yawan yaba amsar nan a matsayin ranar da mace ta rama. Ni yabona rabi ne. Hujjarta ɗaya ce tak, wato lokaci yana lalata komai. Ba ta faɗi abin da ita take so ba, ko inda ta dosa kafin a tare ta. Marlowe ya daskarar da ita a watan Mayu, Raleigh ya tura ta kai tsaye cikin hunturu, ba wanda ya bar ta ta yi shekarun da ke tsakani.

A nan ne masanin ƙwari ya shigo. Tun zamanin Aristotil Girkawa suna kiran ɗan zuma ko ɗan zanzaro da ya daina ci ya kwanta a rufe cikin ɗakinsa da sunan nimfa, mai yiwuwa don ya yi kama da amarya a lulluɓe. Faransanci ya riƙe wannan ma'ana har yau: mu da muka yi lakkol an koya mana cewa nimfa ita ce matakin da tsutsa ke kwance ba ci ba tafiya kafin ta fito da fiffike. Ƴan'uwanmu da suka yi boko da Ingilishi kuwa wani abu daban suka koya. A wurinsu nimfa ita ce ƙaramar fara ko ƙaramin mazari, mai kama da babba amma ba fiffike, wadda ke yawo tana ci tana saɓa. Na daɗe ina mamakin yadda iyaka ɗaya ta raba mana kalma gida biyu.

Nimfar Faransanci ita ce ta mawaƙa: a rufe, shiru, ana jiran ranar buɗar kai. Ta Ingilishi kuwa ba mai rera mata waƙa. Wanda ya ga abin da fara ta yi wa gonaki a Nijar a 2004 ya san ƴaƴan fara ba abin lallashi ba ne. Sau biyar suke saɓa kafin su tashi, suna tafiya a ƙasa runduna guda. Ƙaramin mazari yakan yi watanni, wani ma shekaru, a ƙarƙashin ruwa yana farauta da wani leɓe da yake harbawa gaba ya cafko tsutsar sauro ko talibambam. Masana suna kiran irin waɗannan na ruwa da sunan nayad, sunan matan maɓuɓɓuga na Girka, ga shi kuwa a nan ita ke bi, ba ita ake bi ba.

Akwai kuma wani ƙwaron bakin kogi da Turawa ke danganta shi da watan Mayu, watan Marlowe. Yakan shafe kusan shekara, wani har biyu, yana nimfa a cikin laka da duwatsu. Idan ya fito da fiffike, yini ɗaya ko biyu ya rage masa, bakinsa ma ba ya aiki, ba abin da zai yi sai barbara da ƙwai. Waƙar makiyayin nan waƙar wannan yinin ce. An ɗauki guntun rayuwar da babu ci a cikinsa an ce shi ne rayuwar, doguwar shekarar laka kuma an bar wa masu kwalba da madubin ƙara girma.

Ba zan yi kamar abin na Turawa ne kaɗai ba. A shirin gaishe-gaishe da nake gabatarwa, waƙoƙin soyayya da masu saurare suka fi nema kusan duk a ƙofar ɗakin amarya suke tsayawa. Ana yabon ido da haƙori da tafiya, ana kai ta, sai kiɗa ya ɗauke. Kwanan baya wata baiwar Allah ta bugo waya ta ce shekararta goma sha ɗaya da aure, tana son in sa mata waƙar da ta dace da ita, ba ta ƴan mata ba. Na ce ta ba ni minti biyu, na sa talla, na shiga lalube a kwamfuta. Da tallar ta ƙare ban samu ba, sai na sa mata ta biki, na gaishe da maigidan da yara.