Yarinya Matafiyiya a Ƙagaggun Labaran Kimiyya da na Al'ajabi: Sharhi Don Masu Tsara Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

A wannan sashe na rahoton mun duba wani rukuni na ƙagaggun labarai da matasa ke karantawa, wato labaran kimiyya da na al'ajabi waɗanda aka gina a kan ra'in matantaka. Abin da muke nufi da matantaka a nan shi ne ra'ayin da ke neman a bai wa mace damar neman ilimi da yanke shawara a kan rayuwarta. Mun zaɓi ayyuka uku, muka auna su da ma'auni guda: wane ne ke fita neman abin da al'umma ke buƙata, kuma da me yake samo shi? Amsar wannan tambaya ta shafi kowace ɗaliba da ke zaune a ajin Hausa, domin littafin da aka ba ta shi ne madubin da take duba matsayinta a ciki.

2.0 Giɓin da ke Cikin Rubutaccen Zube

A tatsuniyar Ruwan Bagaja, 'yar bora ce aka tura wanke ƙirgi. Ita ta ratsa daji, ta haɗu da abubuwan ban tsoro, ta yi haƙuri da ladabi, ta dawo da arziki. Amma da Abubakar Imam ya ari sunan wannan ruwa a littafinsa da ya fito daga gasar 1933, sai matafiyin ya zama namiji, wato Alhaji Imam. Haka abin yake a Gandoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Hatta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo (1969), wanda ya shigo da tafiyar sararin samaniya cikin zuben Hausa, yaro ne, Kilba, aka ɗauka zuwa sama. Marubuta mata irin su Hafsat Abdulwaheed da Balaraba Ramat Yakubu sun kawo muryar mace cikin zube, sai dai sun fi mayar da hankali ga soyayya da aure da zaman gida. Ashe ke nan yarinyar da adabin baka ya sani da tafiya, rubutaccen labarin al'ajabi ya zaunar da ita. Da wannan giɓi a zuci muka karanta littattafan da ke biye.

3.0 Sultana's Dream (1905)

Rokeya Sakhawat Hossain Musulma ce 'yar yankin Bengal, ta kuma rubuta wannan gajeren labari da Ingilishi, aka buga shi a wata mujallar mata a Madras. Tauraruwar labarin ta yi mafarkin wata ƙasa wadda sarauniyarta ta wajabta ilimin 'ya'ya mata, ta hana a aurar da su kafin shekara 21. Jami'o'in mata biyu suka shiga gasar bincike: ɗaya ta ƙera na'urar tatso ruwa daga girgije, ɗaya kuma ta gano hanyar tara zafin rana. Da abokan gaba suka ci ƙarfin sojojin ƙasar, zafin ranar nan ne ya kore su. Daga nan maza suka shiga kulle, mata suka riƙe mulki.

Ƙarfin labarin shi ne nasara ta zo ta hanyar ɗakin bincike. Rauninsa kuwa shi ne juya kullen kawai aka yi daga wannan jinsi zuwa wancan. Malamin da bai fahimtar da ɗalibai cewa zambo da habaici marubuciyar take yi ba, zai bar su da zaton cewa littafin yana kiran a tsare maza. Ya kamata a gaya musu cewa ita kanta marubuciyar makarantar 'yan mata ta kafa, wadda ta mayar Kalkata a 1911.

4.0 Zahrah the Windseeker (2005)

Nnedi Okorafor Ba'amurkiya ce wadda iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne, kuma wannan littafi nata ya sami Kyautar Wole Soyinka ta Adabin Afirka a 2008. An gina shi a wata duniya inda ake shuka kwamfuta ta tsiro kamar kowane tsiro. An haifi Zahrah da gashi mai ɗauke da jijiyoyin tsirrai, abin da ya sa ake tsangwamar ta. Tana da baiwar tashi sama, ga ta kuma da tsoron bisa. Da maciji ya sari abokinta Dari, sai ta shiga dajin da aka haramta shiga ita kaɗai, neman ƙwan wata muguwar dabba wanda shi ne maganin.

A ganinmu wannan ne ya fi dacewa da manhaja. Zahrah ba ta ɗauki takobi ba. Littafin jagora ta riƙe, tana karantawa, tana gwada abin da ya faɗa da abin da idonta ya gani. Tarbiyyar kimiyya ke nan cikin rigar labari. Haka kuma zubinsa ya yi kama da na tatsuniyar da muka ambata: yarinyar da aka raina, daji, jarrabawa, da komowa. Illarsa ita ce tsakiyar labarin ta cika jerin haɗurra masu kama da juna, har mai karatu ya ƙosa.

5.0 The Shadow Speaker (2007)

Wannan ma na Okorafor ne, an kuma gina shi a Jamhuriyar Nijar ta shekarar 2070. Ejii yarinya ce Musulma mai jin maganar inuwoyi. A gaban idonta jaruma Jaa ta sare kan mahaifinta, wanda ya yi mulkin danne mata a garinsu. Littafin ya yi abin yabo da ya ƙi tsayawa a nan: Ejii ta bi Jaa ne domin ta hana yaƙi, ta kuma gane cewa mace mai takobi ma tana iya zalunci. Duk da haka, muna da ja a kan sanya shi a ƙananan makarantun sakandare. Akwai zubar da jini a cikinsa, kuma Jaa maza biyu take aure, al'amarin da zai janye hankalin aji da na iyaye daga jigon littafin. Ya fi dacewa da ɗaliban kwalejojin ilimi, inda za a iya tattauna yadda marubuci na nesa ke kallon ƙasarmu.

6.0 Shawarwari

Na farko, a fassara Sultana's Dream zuwa Hausa. Gajere ne, kuma marubuciyar ta rasu tun 1932. A koyar da shi tare da Tauraruwa Mai Wutsiya domin ɗalibai su kwatanta jigoginsu.

Na biyu, a haɗa tatsuniyar Ruwan Bagaja da littafin Imam a darasi guda, a tambayi ɗalibai abin da ya sauya da matafiyin ya zama namiji.

Na uku, masu fassara su kiyaye da kalmomi. Kalmar maita ko tsafi tana da nauyin da ba ta da shi a labaran Turai, kuma ita kaɗai ta isa ta sa iyaye su ƙi littafi. Inda baiwa ake nufi, a ce baiwa.

Na huɗu, a buɗe gasar rubuta irin waɗannan labarai da Hausa, domin fassara cikon giɓi ce kawai.

7.0 Kammalawa

Binciken nan ya nuna cewa darajar waɗannan littattafai tana ga yadda suka ɗora neman ilimi a wuyan yarinya, suka kuma sa rayuwar wasu ta dogara da abin da ta samo. Ba baƙon tunani muke neman shigowa da shi ba, tunda kakanninmu sun riga sun tura 'yar bora Ruwan Bagaja ta dawo. Abin da ya rage wa masu tsara manhaja shi ne su samar mata gurbi a jerin littattafan karatu.