Amaryar Boko

'Yan uwana mata, akwai wata magana da malaman makaranta suka daɗe suna cusa wa yara, har marubuta 'yan uwana suka ɗauka suna zubawa a littattafai. Wai kalmar boko daga Turanci ta zo, wai "buk" ce, wato littafi, bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta. Ni dai ban yarda ba.

Ku saurari yadda muke aron kalma. Mai dafa wa Bature abinci "kuk" suke ce masa, muka ce kuku. Zaren saƙa "wul", muka ce ulu. To da "buk" muka ara ai buku za mu ce. Kuma me zai kai mu aro, muna da littafi tun zuwan Musulunci? Farfesa Paul Newman na Amurka ya bi diddigin maganar a 2013, ya ce kalmar tamu ce gadan-gadan.

Amma kakarki ta riga shi sani. Tambaye ta amaryar boko. A da, ranar kai amarya sai a yi wa wata yarinya ado, a lulluɓe ta, a ɗora kan doki, ana guɗa jama'a na bin ta, ta gaskiyar kuwa an sulale da ita shiru. Haka mai awo a kasuwarmu ta Matazu in ya sa hatsi mai kyau a sama, ƙaiƙayi a ƙasa, boko ya yi. Jabu ke nan, rufa ido. Har ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo wannan ma'ana.

Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, sai iyaye suka dubi baƙaƙen Nasara suka ce wannan boko ne, na gaske yana kan allo. Da zagi sunan ya fara.

Abin da ke ba ni haushi da labarin "buk" shi ne yana shafe wannan tarihi. Uban da ya cire 'yarsa daga aji huɗu ba littafi yake ji ba in an ce boko, tsohuwar ma'anar ce ke kunnensa. In ba mu san ta ba, ta ina za mu ɓullo masa? Haka aka cire Balaraba Ramat Yakubu aka yi mata aure tana ƙarama. Daga baya ta koma ajin manya, kuma da baƙaƙen nan da aka kira jabu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, littafin da aka fassara shi zuwa Turanci a Indiya a 2012.