Hawan Sallah a Akwatin Talabijin: Tsokaci Kan Abin da Ake Nuna Mana

Kamar yadda aka sani, tsara hawa domin idon baƙo ba yau aka fara shi ba. An yi wa Yariman Ingila gagarumin hawa a Kano a 1925, aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, sannan aka sake tara sarakuna a Kadunan a 1977 lokacin bikin FESTAC. Duk waɗannan hawan daba ne, wato hawan da aka tsara shi domin 'yan kallo, aka kafa rumfa, aka ce wa mahaya ga inda za su bi. Hawan Sallah kuwa ba haka yake ba. Ziyara ce da gaisuwa tsakanin sarki da hakimansa da talakawansa. A Hawan Daushe Sarkin Kano yakan je Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa, a Hawan Nasarawa ya ziyarci kaburburan magabata kafin ya isa gidan gwamnati. Abin da wannan tsokaci yake son nunawa shi ne, talabijin ta daɗe tana ɗaukar hawan Sallah tana mayar da shi hawan daba.

Babban abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne sauti. Sau da yawa za ka ga hoton tawagar hakimi tana wucewa, makaɗa a kan dawaki suna ta aiki, amma abin da kunne yake ji waƙa ce da aka ɗauka a situdiyo da fiyano aka ɗora a kai. Hannun mai kotso yana tafiya daban, kiɗan da ake ji yana tafiya daban. Masu wannan aiki suna da uzurinsu, domin hayaniyar Ƙofar Kudu da ƙarar bindigogi ba ƙaramin wahalar da na'ura suke yi ba. Sai dai kuma kiɗan fada ba ado ba ne, magana ce. Kowane basarake yana da takensa, kuma tsoho a cikin gida yana iya gaya maka wanda yake tafe tun bai gan shi ba, daga take kawai. Tambari na sarki ne, ba a kaɗa wa kowa. Kakaki da algaita da farai kowanne da abin da yake faɗa. Idan aka shafe wannan aka sa waƙar zamani, an cire wa hawan harshensa, an bar rawani da alkyabba kawai suna yawo.

Ba mu kaɗai ne da wannan ba. A faretin Macy's da ake yi a birnin New York tun 1924 a ranar bikin godiya ta Amurkawa, mawaƙan da ake nunawa motsa baki kawai suke yi a kan faifan da aka riga aka ɗauka, kuma a 2018 mawaƙi John Legend ya fito ya amsa haka, ya ce motocin faretin ba su da kayan sautin da za su ɗauki waƙa kai tsaye. To amma faretin Macy's na kamfanin sayar da kaya ne, talla ce tun asalinta, ba a yaudari kowa da yawa ba. Namu ba haka ya taso ba.

Sai kuma batun haɗa hotuna. Wata shekara na zauna ina kallon abin da wata tasha ta kira hawan bana, sai ga wani hakimi da na san ya rasu ya wuce a kan dokinsa yana ɗaga hannu. An ɗebo tsohon kaset an cike gurbi da shi, ba tare da an rubuta ko da shekara a ƙasan hoton ba. Mutanen ɗakin suka yi dariya, ni kam ban yi ba.

Jahi ma bai tsira ba. Armashinsa yana cikin sukuwar da kuma yadda ake ƙame doki a gaban sarki a yi jinjina, duk a cikin ƙiftawar ido. An mayar da al'ada a rage gudun hoton a maimaita shi sau uku ko huɗu, har mai kallo ya ɗauka hawan duk sukuwa ce. A daidai wannan lokaci 'yan lifidi da 'yan sulke da zagage sun wuce ba a nuna su ba, ko kuma kamara ta juya kan manyan baƙi a rumfa suna ɗaukar hoto da waya. Mai sharhi kuma, in ba a yi dace ba, bai san bambancin Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama ba, sai ya ce ga bayin sarki nan, ya wuce.

Dole a yi adalci. Tun da aka buɗe CTV a Kano a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wadda yanzu ake kira ARTV, da kuma aikin da NTA ta yi, mata a cikin kulle da marasa lafiya da Kanawan da ke nesa sun ga hawan da a da labarinsa kawai suke ji. Yawancin abin da ya rage mana na hawan marigayi Alhaji Ado Bayero, wanda ya yi mulki daga 1963 zuwa 2014, a cikin kaset ɗin gidajen talabijin yake.

Wannan ne ma ya sa maganar ta yi nauyi. A 2020 annobar korona ta hana hawa, a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 kuma 'yan sanda suka hana saboda rikicin sarauta. Yaran da suka yi wayo a waɗannan shekaru a allo suka fi sanin hawa. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da aka gada, wanda ke nufin manazarta za su zo neman hoto da sauti. Ya kamata hukumomin tarihi su riƙa karɓar kwafin da ba a taɓa ba daga hannun masu ɗauka, da sautinsa na fili komai hayaniyarsa, a rubuta ranar, da sunan hawan, da jerin hakimai yadda suka biyo, kafin a shiga da shi ɗakin tacewa.