3.2 Tarken Matakin PG-13 a Finafinan Amurka

A shekarar 1968 ne ƙungiyar kamfanonin fim ta Amurka, wadda ake kira MPAA a lokacin, ta fara rarraba finafinai bisa shekarun masu kallo. Raunin tsarin ya bayyana a 1984, sa'ad da aka ba Indiana Jones and the Temple of Doom matakin PG, alhali a ciki an nuna ana ƙwaƙulo zuciyar mutum da ransa. Koken iyaye a kan wannan fim da kuma Gremlins shi ya haifar da PG-13 a wannan shekarar.

Sai dai idan aka yi nazari, za a ga gyaran bai taɓo tushen matsalar ba. Da farko, PG-13 gargaɗi ne kawai, ba ya hana yaro shiga sinima. Na biyu, ma'aunin ya fi duba yawan jini a kan firgicin da yaro zai kwana da shi. Wannan ya ba kamfanoni damar rage jini su bar kisa, don gudun matakin R mai rage ciniki. Ke nan, za a iya cewa tsarin ya fi kare kasuwa bisa ga yaro.