Littattafai Uku a Kan Sikelin Mai Karatu

Tun shekarun 1990, lokacin da aka yi ta muhawara a jaridu a kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, marubuta da manazarta ne suka fi cika fili, shi kuwa mai karatu, wanda yake cire kuɗinsa ya sayi littafin, ba a cika jin ta bakinsa ba. To, ni malamin makaranta ne, kuma a matsayin mai karatu zan yi magana a kan littattafai uku, biyu ƙagaggun labarai, ɗaya kuma tarihin rayuwa. Tambayar da na auna su da ita guda ce: shin marubucin ya san abin da yake rubutu a kai, kuma ya faɗi gaskiyarsa?

Na farko shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Ya fito a 1990, amma ya sake sabon rai a 2012 da Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga. Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora bayan ya auro Delu, ta koma sayar da abinci tana riƙe 'ya'yanta. Ƙarfin littafin yana cikin ƙananan abubuwa: kuɗin cefane da ba ya isa, rabon girki, ɗawainiyar makaranta, hidimar aurar da Saudatu. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san irin wannan gida. Masu karatu da yawa sun ji haushin yadda aka matsa wa Rabi ta koma wa Alhaji Abdu bayan ya tsiyace. A ganina nan ne ma marubuciyar ta fi faɗar gaskiya, domin kuwa haka ake yi wa mata a kullum da sunan haƙuri da duba 'ya'ya. Inda nake da ja shi ne gobarar da ta cinye dukiyar Alhaji Abdu. Hukuncin ya zo daidai lokacin da jigo yake buƙatarsa, har mutum ya ga hannun marubuciya yana tura labarin. Ita ma Delu an bar ta da fuska ɗaya, ta mugunta, ba mu san abin da ya kai ta ga irin rayuwarta ba.

Na biyu da Ingilishi aka rubuta shi, amma rayuwarmu ce a ciki. Shi ne Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya fito a 2015, ya kuma ci kyautar adabi ta kamfanin NLNG a 2016, mai ɗauke da dala 100,000. Hajiya Binta ce tauraruwa, mai shekara 55, wadda rikicin Jos ya ci mijinta, sai ta faɗa mu'amala da Reza, matashi mai sayar da wiwi kuma yaron 'yan siyasa. Ba na musun cewa akwai wuraren da suka yi wa Bahaushe nauyi, kuma ba littafin da zan miƙa wa ɗaliban ƙananan azuzuwa ba ne. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya bar jaki yana dukan taiki. Ciwon Hajiya Binta na gaskiya shi ne ɗanta na fari, wanda kunya ta hana ta kiran sunansa ko nuna masa so har ya bar duniya. Wannan al'ada ta ɗan fari kowa ya san ta, amma kaɗan ne suka zauna suka tambayi abin da take yi wa zuciyar uwa da ta ɗa. Marubucin ya ɗauki abin da muke gani kullum ya sa muka sake kallonsa. Ga masu tasowa, darasin shi ne jigo ba sai an je Dubai ko gidan attajiri mai motoci goma ba.

Na uku shi ne Shata Ikon Allah!, tarihin Alhaji Mamman Shata, wanda Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Kankara da Ali Malami suka wallafa a 2006, shekara 7 bayan rasuwar mawaƙin a 1999. Kundi ne mai kauri, kuma ana ganin gumin da aka zuba a cikinsa, domin an bi sawun mutumin tun daga Musawa, an tattauna da waɗanda suka zauna da shi. Wannan ya bambanta shi da irin tarihin manya da ake haɗawa cikin wata biyu don a yi ƙaddamarwa a tara gudummawa, wanda daga bango zuwa bango kirari ne kawai. Duk da haka, sunan littafin kansa ya nuna cewa masoya ne suka rubuta, kuma mai karatu ya kamata ya riƙe wannan a ransa. Sannan girmansa ya sa ya fi ƙarfin ɗalibin sakandare, aljihu da lokaci. Da za a fitar da taƙaitaccensa don makarantu, da an yi wa yara gata.

Idan aka jera ukun, abu ɗaya ke fitowa. Mai ƙaga labari yana buƙatar binciken mai rubuta tarihi, shi kuma mai tarihi yana buƙatar iya jan zaren labari. Yawancin abin da ake watsawa yanzu a WhatsApp da Wattpad yana da jan hankali, amma likitan ciki bai san asibiti ba, alƙalin ciki bai taɓa shiga kotu ba, ga rashin kula da ƙa'idar rubutu, a rubuta "kasa" alhali "ƙasa" ake nufi. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta nuna cewa idan aka ƙayyade tsawo aka kuma tace, matanmu suna fitar da aiki mai nauyi.

Abin rubutawa kuwa bai ƙare ba. A nan Koki kaɗai, ga tarihin fataucin goro zuwa Gwanja da cinikin gyaɗa na zamanin Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, kuma tsofaffin da suka ji labarin daga bakin iyayensu suna ta ƙarewa. Duk ɗan ƙungiyar nan da ke neman jigo, ya ɗauki biro da takarda ya je ya durƙusa a gabansu tun suna nan. Allah Ya sa mu dace.