Awara, Acca da Buhun Gawayi a Kakuri

Da la'asar sakaliya a Kakuri da ke Kaduna, bayan gine-ginen tsofaffin masaƙu, mai awara na tsamo yanka-yankan suya daga kasko, tana barbaɗa yaji, 'yan acaɓa sun yi mata zobe. Babu wanda zai ce mata tana yaƙi da ɗumamar yanayi, amma abin da masu girki a Turai ke ta yayatawa yanzu, wato rage nama a koma ga wake, shi ne sana'arta tun tuni.

Alƙaluma na bayanta. Binciken Poore da Nemecek na 2018 ya nuna samar da kilo ɗaya na naman sa kan fitar da kusan kilo 100 na iskar da ke ɗumama duniya, galibi daga gyatsar saniya da sare daji don kiwo. Kilon wake bai kai kilo 2 ba. Najeriya kuwa ta fi kowace ƙasa noman wake.

Sai dai kwaso wa'azin barin nama a kawo shi Makera ko Sabon Tasha rashin adalci ne. Magidancin da tsoka ɗaya ke yawo a tukunyar miyarsa ba shi ya ɓata sararin sama ba. Hayaƙin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa a shekara ya ninka na ɗan Najeriya fiye da sau 10. Gyaran da ya shafi unguwannin nan yana wurin shinkafa da murhu. Shinkafa ta mamaye bukukuwa da gidajen abinci, alhali gonarta mai kwance da ruwa tana fitar da iska irin ta cikin saniya. Acca, wadda ake nomawa a Kudancin Kaduna da Filato, tana yi a ƙasa mara ƙarfi, kuma kafin a gama gyara yakuwa ta nuna. Abin takaici, faten acca har yau ana yi masa kallon abincin ƙauye ko na masu ciwon suga.

Murhu ya fi damuwa. Tun da gas ya yi tsada, mata da yawa sun koma gawayi, shi kuwa gawayi bishiya ake kayarwa a yi shi. Waken da ya sha awa biyu a kan gawayi ya zubar da wani kaso na ribarsa. Shi ya sa jiƙa shi tun da daddare, da ɗan kanwa, da rufe tukunya suke da muhimmanci, haka ma ɗanwake da ke tasowa cikin mintuna. Gwamnatin Najeriya, wadda ta yi alƙawari a Glasgow a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, ya kamata ta fara da sauƙaƙa wa mai awara kuɗin cika tukunyar gas.