Jinjina ga Masu Kokon Akra

Kafin a kira assalatu a unguwannin Nima da Sabon Zongo, matan nan sun riga sun hura wuta. Geron da suka jiƙa, suka niƙa da citta da kanumfari da barkono, suka tace, ya kwana ya yi tsami daidai misali. Nan gwanintar take, domin mai gaggawa salam kokonta yake fitowa. Direban motar haya ta trotro da 'yan kasuwar Makola da ma'aikacin da ya makara duk suna tsaye, ana ƙulla musu a leda, ana haɗawa da ƙosai mai zafi. Sannunku da aiki, iyayenmu! Baƙon da ya zo birnin nan na bakin teku, a kai shi wurinku tun da sassafe, kafin tukunya ta ƙare.